Gado a Saman Jif

Talata, 1 ga Maris 1955, bayan la'asar

Kariyar ta karye. Bari in rubuta haka, tunda haka aka yi.

Da hantsi muka bar Jalingo za mu kasuwar Iware, ni a sitiyari, maigidana Alhaji Maishanu a gefe, buhunan gishiri da na kanwa a sama. Jif ɗin nan tsohuwar motar soja ce da Alhaji ya sayo a gwanjo a Yola. Ba inda ba ta shiga, amma cikinta kamar akurki. Shi ya sa Alhaji ya ce a mayar da ita Yola a yi mata kariya, abin ɗora kaya a bisa. Ni kuma bakin nan nawa da ba ya zama a rufe na ce, "Haba Alhaji, ina raye? Ni Aƙilu da na ja manyan motoci a soja?" Na haɗa ta da gora da gwangwala, na ɗaure da kiri, na yi ta zaga unguwarmu Sintali ina danna ham.

A gangaren wani rafi muka ji ƙarau! Gishiri ya keto tamfol ya cika wa Alhaji rawani. Masu kora shanu kasuwa suka tsaya kallo, shanun suka zo suna lasar hanya. Alhaji bai zage ni ba. Gemunsa ya kakkaɓe ya ce, "Aƙilu, a sojan ma da kara kuke yi?" Da marina ya yi da ya fi mini.

Na ce masa gorar ce ɗanya, ya ba ni 'yan kwanaki in yi ta ƙarfe. Ban san inda zan sami ƙarfen ba.

Alhamis, 3 ga Maris, da azahar

Babu ƙarfe a garin nan. Na je wurin Ɗantani maƙeri, abokina tun muna yara, ya nuna mini guntayen da yake yin fartanya da su ya ce in zaɓa. Yana magana yana dariya, wai labarin gishiri ya riga ni zuwa maƙera.

Gidan shiru. Matata Fanta tana Sunkani wurin iyayenta, wankan jego, haihuwar fari, namiji. Sai ta yi arba'in za a dawo mini da ita. Ɗakinta a kulle, makullin yana wurina.

Juma'a, 4 ga Maris, bayan an sauko masallaci

Na buɗe ɗakinta don in duba ko gara ta shiga. Gara ba ta shiga ba. Akwai igiya a aljihuna, na ɗan auna wani abu. Aunawa kawai na yi.

Asabar, 5 ga Maris, da safe

Tsawon ya yi daidai. Faɗin ma.

Litinin, 7 ga Maris, da walha

Tun kafin mata su fito shara na kai wa Ɗantani ƙarfen, a naɗe cikin tsohon tamfol. Ya buɗe, ya duba, ya saki zugazugi.

"Aƙilu, wannan ai gadon matarka ne."

Na ce na sani, ba makaho ba ne ni.

"Mai rumfar? Wanda aka sauke daga jirgin ruwa a Lau?"

Shi ne. Surukina Malam Yuguda ya rabu da karsanarsa ya sa aka kawo wa 'yarsa. Ranar jere matan Sintali layi suka yi suna shiga suna shafa shi, don a lokacin babu irinsa a unguwar.

Na ce wa Ɗantani aro ne. Kafin ta dawo zan sami wani ƙarfen, in kwance wannan in mayar, ba wanda zai sani. Ya ɗaga sandar rumfa guda ya jingina da motar ya ce, "Ta yi tsawo. In aka bar ta haka reshen farko zai kwashe kayan. Sai an rage."

Na ce a rage kaɗan.

"Aron da ake sa wa zarto?"

Na ce masa shi maƙeri ne ko alƙali. Ya miƙo mini zarton ya ce hannunsa ba ya ciki, huji kawai zai yi mini. Ni na yanke. Ƙarar zarton har cikin haƙorana nake jin ta.

Laraba, 9 ga Maris, bayan la'asar

An gama.

Sandunan rumfar su ne ƙafafun kariyar, mun kafa su a kusurwoyin motar, Ɗantani ya huda, na ɗaure da noti. Gangar jikin gadon ta zauna a samansu ɗas. Ƙarfen wajen kai mai murɗe-murɗen nan na sa shi a gaba ya tare kaya in na taka birki, na wajen ƙafa a baya. Ragar waya na cire ta, na jera katako a gurbinta. 'Yan ƙwallayen tagulla na kan sandunan ma na kwance su na zuba a tsohuwar hulata. Sannan na bi komai da koren fenti irin na motar.

Na hau na yi tsalle, ko motsi ba ta yi ba. Wallahi ta yi kyau. Abin da ya fi damuna ke nan, da na ja baya na dube ta sai da na ji daɗi.

Juma'a, 11 ga Maris, da yamma

Alhaji ya zagaya motar, ya jijjiga kariyar da hannu biyu ya ce, "Yau ka fita kunya." Ya tambayi inda na sami ƙarfe mai kyau haka. Na ce wani tsohon abu ne da ke ajiye.

Da na shigo unguwa, maƙwabciyarmu Balaraba tana ƙofar gida da ƙwaryar tsaki. Ta bi saman motar da kallo har na sha kwana. Mata dai ba su da aiki sai kallo.

Litinin, 14 ga Maris, bayan magariba

Na je Sunkani. Ba zan rubuta ba.

Talata, 15 ga Maris, da hantsi

Ban iya karyawa ba, gara in rubuta.

Jiya Alhaji ya aike ni da gishiri rugagen da ke bayan Sunkani. Na sauke kaya, na juyo saman motar wayam. Sai na ce bari in biya in ga yaron, in kai wa mai jego sabulu da kanwar kunu. Gaskiyar magana kuma, so nake surukaina su gan ni a mota. Har ham na danna a ƙofar gidan. Ni da hannuna.

Goggo Aisatu ce ta fara leƙowa, ƙanwar Malam Yuguda, wadda ta yi wa Fanta jere da kanta. Fuskarta a sake ta fito. Sai ta ɗaga kai. Ban taɓa ganin fara'a ta gudu daga fuskar mutum haka ba. Ta ɗora hannu a ka ta ce, "Innalillahi! Gadon Fanta!" Ta koma ciki da gudu, sai na ji kuka ya tashi.

A lokacin na tuna abin da ko yaro ya sani a ƙasar nan: gadon mace ba ya barin gidan mijinta sai aure ya mutu. Ga shi ni na kawo nata har ƙofar ubanta, da rana tsaka, ita kuwa ko arba'in ba ta yi ba. Ni duk tunanina yana kan noti da fenti.

Malam Yuguda ya fito da carbi a hannu. Na durƙusa. Ya tambayi Jalingo, ya tambayi zafi, ya tambayi maigidana, ya tambayi hanya, kamar ba abin da ya faru. Da gaisuwa ta ƙare ya juya wajen mazan da suka taru ya ce, "Ku taya shi a sauke."

Na ce, "Ba ya saukuwa, Baba."

Ya dubi saman motar. Ya ce, "To. Duk ranar da ya sauku, ƙofa a buɗe take. Useko, da ka kawo da kanka."

Godiya ya yi mini. Godiya! Nan ne ya kamata in buɗe baki. Amma ta yaya zan dubi dattijon nan a gaban jama'arsa in ce masa ba saki ba ne, zarto na sa wa gadon 'yarsa don in ɗora buhunan gishiri? Shi bai tambaya ba, don a al'adarsu ba a tambaya. Ni ban faɗa ba. Na tashi na shiga mota, sai a Jalingo na ga sabulun yana nan kan kujera.

Ko yaron ban gani ba.

Laraba, 16 ga Maris, bayan azahar

Na gai da Balaraba, ta juya ta shiga gida.

A masallaci wani dattijo ya kama hannuna ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Na ce amin. Me ya sa na ce amin?

Juma'a, 18 ga Maris, da la'asar

Ɗantani ya zo har gida, bai zauna ba. Ya ce in san abin da ake faɗa a bakin rijiya. Mutane sun rasa dalilin da zai sa miji ya kwashe gadon mai jego, don haka sun nemo dalili da kansu. Wai na je suna na ga yaron bai yi kama da ni ba.

Fanta. Yarinyar da ko muryarta maƙwabta ba su sani ba.

Na ce wa zai faɗi haka in fasa masa baki. Ɗantani ya ce, "Bakin mutum nawa za ka fasa? Naka za ka buɗe."

Lahadi, 20 ga Maris, da safe

In ana maganar gaskiya, ba ni kaɗai ke da laifi ba. Da Alhaji bai yi mini maganar kara a gaban masu shanu ba, da ban shiga ɗakin ba. Shi kuma Ɗantani da yake wa'azi yanzu, wa ya yi hujin? Su kuma mutanen Sunkani, wace irin al'ada ce mutum ya ga abu ba zai ce "me ya faru" ba? Kalma uku! Da ya faɗa da na amsa.

Da ban amsa ba. Na san kaina.

Talata, 22 ga Maris, bayan la'asar

Iware. Kaya har sun fi na wancan karon, mun bi gangaren rafin nan, kariyar ko ƙis ba ta yi ba. Wani direban babbar mota ya zo yana shafa ta, ya ce wa ya yi mini, yana son irinta. Na ce mai yin ya daina.

Duk ramin da na faɗa sai in ji ta tana ƙara a saman kaina, irin ƙarar da gadon yake yi in an juya a kansa.

Alhamis, 24 ga Maris, da yamma

Jiya Fanta ta yi arba'in. Na share tsakar gida, na cika randa, na zauna a zaure har rana ta faɗi. Ba wanda ya zo. Ban san me ya sa na zaci za su zo ba.

Yau na faɗa wa Alhaji. Ina magana ina kallon tayar mota. Da farko ya yi dariya har da riƙe ciki, yana cewa, "Wato duk kwanakin nan a ƙarƙashin gadon amarya nake zaune?" Da na kai ga abin da ake faɗa game da yaron sai dariyar ta ɗauke.

Ya ce, "Sauke shi yau. Kuma ka cuce ni, Aƙilu, da ka bari na yaba."

Na roƙe shi ya je Sunkani ya yi mini bayani, shi babba ne, za su ji maganarsa. Ya ce zai raka ni ya zauna kusa da ni, amma bakin da ya ce zai iya yin kariya shi zai yi magana.

Asabar, 26 ga Maris, da azahar

Mun kwance. Na ce wa Ɗantani ya kawo guntayen da na yanke a mayar. Ya sosa ƙeya ya ce ai tuni sun zama wuƙaƙe, an sayar.

Don haka sai daidaita ƙafafun muka yi. Gadon ya tsaya, amma ya yi ƙasa, rumfar ma ta gajarce. Hujojin suna nan, Ɗantani ya toshe su da ƙusa ya dake kawunansu, sun fito kamar zanzana. Jiya wuni na yi ina kankare fenti da toka da tsumma, yatsuna duk sun ɗaye. Koren ya ƙi fita daga cikin murɗe-murɗen.

Litinin, 28 ga Maris, bayan magariba

Mun je. A zaure aka shimfiɗa mana tabarma, Malam Yuguda da 'yan'uwansa a gefe guda, ni da Alhaji a gefe guda. Na faɗa duka, tun daga gishirin da ya zube. Muryata kamar ba tawa ba. Na rantse ban saki Fanta ba, ban taɓa niyya ba, yaron kuma ɗana ne, duk wanda ya ce ba haka ba Allah ya isa tsakanina da shi.

Wani matashi a cikinsu ya toshe baki da hannun riga. Malam Yuguda bai yi dariya ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Gishiri." Can ya ce aure yana nan tunda ban furta ba, amma komawa ba shi zai ce ba, in shiga in ji daga mai ɗakin.

Goggo Aisatu ta kai ni ƙofar ɗaki. Ban ga Fanta ba, asabari yana sake. Na tsuguna a waje ina jin numfashin yaron. Na sake maimaita bayanin, har ina ƙarawa da cewa ta kwantar da hankalinta, ba wani laifi ta yi ba, ƙarfe kawai nake nema.

Da Fanta ta yi magana, a hankali ta yi.

"Tun ranar nan nake bin kwanakin da na yi a gidanka ɗaya bayan ɗaya, ina neman abin da na yi maka. Har na samo waɗansu na ɗora wa kaina. Ashe ni ba na ma cikin maganar. Ka shiga ɗakina, ƙarfe ka gani."

Na so in ce ba haka ba ne. Haka ne.

Goggo ce ta faɗi sharaɗin, amma na san daga cikin ɗakin ya fito. Gari ya ga gado ya fita, sai gari ya ga ya koma. Ba a mota ba, ba a naɗe cikin tamfol ba. A ka, yadda ya shiga ranar jere, ta cikin kasuwa, bayan an sauko Juma'a. Kuma ni zan ɗauka.

Na ce, "Goggo, ai mata ke ɗaukar kayan jere."

Ta ce, "Mata ne suka fitar?"

Laraba, 30 ga Maris, da hantsi

Na yi tunanin in gudu Yola. Har na duba man da ke cikin tanki.

Juma'a, 1 ga Afrilu, bayan la'asar

Na ɗauka.

Daga maƙera na fara. Na naɗa gammo da rawanina, aka ɗora mini gangar gadon, ƙarfen kai da na ƙafa a ɗaure a bisa. Ɗantani ya saɓa sandunan rumfa ya biyo ni, ban roƙe shi ba. Ya ce shi ya yi hujin.

Daidai lokacin da masallaci ya watse muka shiga kasuwa. Wayyo Allah. Mahauta suka bar nama, masu goro suka miƙe tsaye. Wani ya yi ihu, "Direba, ina motar?" Wani ya ce, "A ba amarya hanya!" Direbobin da nake yi wa burga a tasha suna nan a jere, ɗaya har ya zauna a ƙasa don dariya. Gumi ya cika mini ido, ba halin sharewa. Ƙarfen yana cin tsakar kaina.

Duk wanda ya tambaya, na amsa da ƙarfi yadda na yi wa Goggo alkawari: "Gadon matata ne. Ni na sata na yi kariya da shi. Gida zan mayar." Na farko da ƙyar ya fito. Daga baya har wanda bai tambaya ba ina faɗa masa.

Da muka shigo Sintali mata sun cika ƙofofi. Ba wadda ta yi dariya, kuma wannan ya fi na kasuwa ciwo. A ƙofar gidana Balaraba ta dube ni sama da ƙasa, ta rangaɗa guɗa guda ɗaya, gajera, ta shige gidanta.

Na haɗa shi a inda yake, na mayar da ragar waya da ƙwallayen tagulla. Wuyana ba ya juyuwa.

Asabar, 2 ga Afrilu, da safe

Alhaji ya aika Sunkani a ce zai ba da mota a ɗauko su. An dawo da amsa: sun gode, suna da jaki.

Lahadi, 3 ga Afrilu, bayan magariba

Sun iso da la'asar, ita da Goggo da waɗansu mata. Ta rame. Ta gaishe ni a durƙushe yadda ta saba, ba ta ɗaga ido ba. Goggo ta miƙo mini yaron ta ce, "Karɓi, ka duba da kyau." Na karɓa, ban iya dubawa ba, ƙasa na yi ta kallo har ta karɓe shi.

Da matan suka fita zaure, Fanta ta shiga ɗakinta, ni na tsaya a bakin ƙofa. Ta sa yatsa ta bi kawunan ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna a bakin gadon, gwiwoyinta suka taso, don da ƙafarta ba ta kaiwa ƙasa.

Ta ce, "Ya gajarce."

Na ce, "E."

Ta gyara shimfiɗa da kyau, ta kwantar da yaron a tsakiya, ta kare shi da matashi. Sannan ta ɗauko tabarma daga bayan ƙofa ta shimfiɗa wa kanta a ƙasa.

Ban tambaye ta har yaushe ba.